Labaran Kufai Da Rijiyoyin Salaga

 

Maganarmu ta wannan karo ta taso ne daga wani koke da iyaye mata ke yawan kawowa a nan Tamale, a gidan suna ko a wajen biki, idan hira ta gangaro kan 'ya'ya. Uwa za ta ce 'yarta ta shiga sakandare, ta iya Turanci, ba ta yawo, ba ta da ƙawayen banza, amma da zarar an yi sallar isha'i sai ta lafe a ɗaki da waya, ko da wani littafi mai baƙin bango wanda aka zana wa tsohon gida da wata mace riƙe da fitila, ba za ta runtsa ba sai dare ya raba. In an tambaye ta sai ta ce, "Mama, labari ne kawai." Uwa kuwa ta san ƙarfin labari, tun da ita ma da tatsuniya aka raine ta, kuma har yau ba ta manta da Gizo da Ƙoƙi ba. Abin da take son sani shi ne, a ƙwace ne, ko a ƙyale?

Kafin a yanke wa baƙo hukunci, akan tambaye shi daga ina ya fito, kuma me ke cikin jakarsa. To, bari mu yi wa wannan baƙo haka.

Asalin wannan irin labari

A shekarar 1764 wani ɗan majalisar Ingila mai suna Horace Walpole ya fitar da wani ɗan littafi, The Castle of Otranto. Ya ɓoye sunansa, ya ce wai fassara ce ta wani tsohon littafin ƙasar Italiya da aka tsinta. Da ya ga littafin ya karɓu, a bugu na biyu sai ya amsa cewa shi ya ƙaga shi, ya kuma laƙaba masa kalmar "gotik", wadda asalinta sunan salon gini ne na tsofaffin majami'u da gidajen sarautar Turai, masu dogayen hasumiyoyi da lunguna masu duhu. Daga nan sunan ya bi duk wani labari mai wannan kama, har Faransawa suna kiransa roman gothique. Mu kuwa a nan za mu kira shi labarin kufai, domin babu kalmar da ta fi wannan kusa da shi a bakin Bahaushe: wurin da aka taɓa zama aka tashi, bango ya rage, masu bango sun tafi.

Ga abin da ke cikin littafin na Walpole a taƙaice. Wani basarake mai suna Manfred yana shirin aurar da ɗansa, sai a ranar ɗaurin auren wani ƙaton kwalkwali ya faɗo wa yaron daga sama ya kashe shi. Abubuwan ban tsoro suka yi ta aukuwa a gidan, har daga ƙarshe asiri ya tonu, ashe kakan Manfred guba ya ba mai sarautar na ainihi ya ƙwace gadonsa, kuma wani saurayi da kowa ke ɗauka talaka ne shi ne magajin gaskiya. A nan ne ƙashin bayan wannan irin adabi yake. Wani ya yi zalunci a da, an binne maganar, an yi gini a kanta, jikoki sun tashi ba su san komai ba, sai ga ta ta taso tana neman hakkinta. Bahaushe ya riga ya faɗi wannan da gajeriyar magana, ya ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yakan bi.

Bayan Walpole sai mata suka karɓi alƙalamin. A 1794 Ann Radcliffe ta rubuta The Mysteries of Udolpho, labarin wata marainiya da mijin gwaggonta ya tsare a wani gidan dutse cikin duwatsun Italiya domin dukiyar gado. Dabarar wannan marubuciya ita ce ta tsorata mai karatu da muryoyi da inuwoyi, sa'an nan a ƙarshe ta nuna masa cewa duk aikin mutane ne. A 1847 Charlotte Brontë ta fitar da Jane Eyre, wanda shi ne uban yawancin abin da 'ya'yanmu ke karantawa yau. Marainiya ce ta sami aikin koyar da wata yarinya a wani babban gida, so ya shiga tsakaninta da maigidan sannu a hankali, tana jin wata dariya mai ban tsoro cikin dare ba ta san ta wane ne ba. Sai a ranar aurensu ta gano yana da mata mai taɓin hankali, wadda ya auro daga tsibirin Jamaika saboda dukiya, ya kulle ta a saman bene shekara da shekaru. Dokarsu ba ta yarda da mace ta biyu ba, ya roƙe ta su zauna haka nan ba aure, ita kuwa ta ƙi, ta fice daga gidan ba ta da ko abin da zai ciyar da ita kwana uku.

A Amurka kuma, a 1987, Toni Morrison ta rubuta Beloved, inda fatalwar wata yarinya ta addabi gidan uwarta. Uwar baiwa ce da ta tsere, da ta ga masu kama bayi sun cim mata sai ta kashe 'yar da hannunta don kada a mayar da ita bauta. Marubuciyar ta gina labarin ne a kan abin da ya faru da wata mata mai suna Margaret Garner a 1856, kuma a 1993 aka ba ta kyautar Nobel ta adabi. Duk wanda ya karanta littafin ya san fatalwar nan tana tsaye ne a madadin tarihin da mutanen ƙasar suka ƙi buɗe baki su faɗa.

Littattafan wannan zamani sun ɗauki tsohuwar tukunyar sun ƙara mata kayan miya. Suna kai mai karatu wani ƙarni da ya shuɗe, su sa masa sihiri da masu shan jini da matattu masu magana, su ba shi wani asiri da zai bi sawunsa, sa'an nan su ja soyayyar da tsawo, ta yadda sai an kusa ƙarshen littafi kafin ɗaya ya furta wa ɗaya abin da ke zuciyarsa. Tun bayan fitowar Twilight na Stephenie Meyer a 2005 kasuwar irin waɗannan ta bunƙasa ƙwarai a tsakanin 'yan mata, yau kuma waya ta kawo su har cikin ɗakunanmu.

Namu na gida

Kada mu ɗauka wannan abinci ne da bakinmu bai saba da shi ba. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai cikin Hausa, kuma littattafan da suka biyo bayanta su ne tushen adabinmu na boko. A cikinsu akwai Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda ya fara da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa ƙasar Hausa da Nufe, abin da ya faru da gaske, sa'an nan ya ɗauki jarumin ya kai shi ƙasashen aljanu. Wannan shi ne gauraya tarihi da almara. Akwai Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, inda wani attajiri ya yi amfani da dukiya ya raba saurayi da budurwarsa, saurayin ya shiga duniya neman asirin ramuwa, asirin kuma ya faɗa a kan ɗan da aka haifa, wanda bai ji ba bai gani ba. Wanda ya ajiye wannan littafi kusa da na Walpole zai ga gini ɗaya ne, ƙasar da aka kwaɓa ce ta bambanta. Akwai kuma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin yaron da aka sace aka ƙetara Sahara da shi, da uwar da ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu bayi.

A 1980 Hajiya Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya, labarin wata Bafulatana da ta so wanda ba ƙabilarta ba, har aljana ta shiga tsakani. Daga tsakiyar shekarun 1980 kuma littattafan soyayya na Kano suka cika kasuwanni, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da rubuce-rubucen Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Ahmed Funtuwa, 'yan kasuwa suka yi ta kawo su zangunan Kumasi da Akra da Tamale tare da kaset-kaset na finafinai. Da yawa daga cikin iyaye matan da ke koke yau sun taɓa ɓoye irin waɗannan a ƙarƙashin katifa.

An kuma gwada maganin wuta. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta Jihar Kano, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, ta tara littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai ta cinna musu wuta a bainar jama'a. Niyyar kare tarbiyya ce, amma rubutun bai tsaya ba. Cikin 'yan shekaru labaran suka koma Facebook da WhatsApp da Wattpad, inda babu mai tacewa, babu bangon da uwa za ta gani ta yi tambaya. Littafin takarda aƙalla ana iya ɗaukarsa a duba. Darasin da ke nan shi ne, ƙwace ba ya kashe ƙishirwa, sai dai ya sauya wa mai ita rijiya.

Ma'auni uku ga iyaye

Shawarar wannan fili ita ce uwa ko uba su zauna su ce wa yarinya ta ba su labarin da bakinta, cikin Hausa, daga farko har ƙarshe. Wanda bai iya Turanci ko Faransanci ba bai rasa komai ba a nan, domin kunnensa ya isa. Yayin da take bayarwa, a auna labarin da abu uku.

Na farko, me labarin ke koyarwa game da gaibu? A nan dole mu rarrabe tsakanin abin da addininmu ya tabbatar da abin da mai alƙalami ya ƙaga. Aljanu halittar Allah ne, akwai sura guda mai sunansu a cikin Alƙur'ani. Amma wanda ya mutu ya shiga barzahu, ba ya dawowa ya zaga gida yana neman fansa, kuma aljanu ba su san gaibu ba. Suratu Saba'i ta ba mu labarin Annabi Sulaiman, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda ya rasu yana dogare da sandarsa, aljanu suka ci gaba da wahalar aiki ba su sani ba, sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Yarinyar da ta riƙe wannan za ta iya karanta labarin fatalwa kamar yadda take sauraron tatsuniyar Dodo, ta ji daɗi ta wuce. Wanda ya kamata a guje masa shi ne littafin da ke ƙawata tsafi, yana nuna kiran matattu ko ƙulla alkawari da iskoki a matsayin hanyar biyan bukata, domin wannan ita ce ƙofar da boka ke shiga ta ciki. Haka nan idan aka lura yarinya ta fara tsoron shiga banɗaki da dare, ko tana ganin kowane ciwo aikin iska ne, to, karatun ya fi ƙarfin shekarunta, a jinkirta mata shi.

Wannan damuwa ma ta girmi kakanninmu. A ƙarshen 1817 aka buga Northanger Abbey na Jane Austen, wanda ke yi wa irin waɗannan littattafai shaguɓe. A ciki wata budurwa ta sha karatunsu har ta zargi mai masaukinta da kashe matarsa, alhali ciwo ne ya kashe ta, ta sha kunya mai yawa kafin ta dawo hayyacinta.

Na biyu, wane irin namiji ne labarin ke sa yarinya ta so? Jarumin waɗannan littattafai sau da yawa mutum ne mai ɗaure fuska, mai ɓoye sirri, mai zafin kishi, wanda ke wulaƙanta mace yau ya lallashe ta gobe, labarin kuma yana nuna wai haƙurinta ne zai gyara shi. Wannan ya fi fatalwa haɗari nesa ba kusa ba, saboda fatalwa ba za ta zo neman aurenta ba, amma mai wannan hali zai zo. A tambaye ta: da wannan mutumin ne ya aiko gidanmu, kina ganin babanki zai ba shi? Me ya sa ya ɓoye mata abin da ya ɓoye? Amsar da za ta bayar za ta nuna wa uwa inda hankalinta ya dosa, fiye da binciken waya na wata guda.

Na uku, ina labarin ya ajiye kunya? Soyayyar da ke tafiya sannu a hankali, wadda ake gina ta a kan lura da hali da gwada amana kafin a furta komai, ta fi kusa da tarbiyyarmu a kan wadda finafinai da yawa ke nunawa, inda ake haɗuwa da safe a mutu a kan juna da yamma. Bahaushe ya ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Yarinyar da ta ga Jane ta bar wanda take so don kada ta zauna da shi ba aure ta koyi wani abu mai daraja. Sai dai wasu marubutan zamani suna jan rai ne kawai don su kai mai karatu ga batsa a babi na ƙarshe. Tsofaffin littattafan ƙarni na 18 da na 19 da muka ambata ba su da wannan, na yanzu kuwa sai an tantance. Babbar ya, ko ƙanwar uwa da ta yi karatu, za ta iya leƙa babi biyu na ƙarshe kafin a ba ƙarama.

Kufan da ke kusa da mu

Yanzu bari mu dawo gida, domin a nan ne babbar maganar take. 'Ya'yanmu suna tafiya Ingila da Italiya cikin littafi neman tsohon gida mai asiri, alhali kimanin kilomita 120 kudu maso gabas da Tamale akwai garin da ya fi duk waɗannan gidaje nauyin labari, wato Salaga.

A ƙarni na 19 Salaga tana cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma. Ita ce Gwanjar da fataken Hausa ke nufi idan madugu ya ɗaura ayari daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, tafiyar watanni, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su komo da goron da aka kawo daga dazuzzukan Asante. Bafaranshen nan Louis-Gustave Binger ya sauka a garin a 1888, ya kuma bayyana kasuwarsa a littafin tafiyarsa da ya fito a 1892. Amma ba goro kaɗai ake cinikinsa a wannan kasuwa ba. Ana sayar da mutane. Tun ƙarni na 18 sarakunan Gwanja da na Dagomba suna biyan Asante gandu, a cikinsa har da bayi, a shekarun 1880 da 1890 kuma mayaƙan Zabarmawa ƙarƙashin Babatu suka yi ta kai hari ƙasar Gurunsi, suna koro kamammu zuwa kasuwanni. Kabarin Babatu yana Yendi.

Wanda ya je Salaga za a nuna masa rijiyoyi birjik, waɗanda garin ya yi suna da su. Za a nuna masa wurin da ake kira Wankan Bayi, inda ake wanke kamammu kafin a kai su kasuwa, da kuma Rafin Angulu, inda ake yar da gawar waɗanda suka mutu kafin a sami mai saye. A lura da kyau, waɗannan sunaye da Hausa suke. Harshen da muke rarrashin jarirai da shi, da shi aka yi wannan ciniki.

Ƙarfin Salaga ya fara raguwa bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, hanyar goro ta rikice. A 1892 yaƙin basasa ya ɓarke kan sarautar Kpembe, wadda Salaga ke ƙarƙashinta, aka wawashe garin, fatake da malamai suka watse zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da sauran wurare. A cikin waɗanda suka tashi har da babban malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya koma Kete-Krachi ya zauna har rasuwarsa a 1934, ya bar waƙoƙi da rubuce-rubucen tarihi cikin Larabci da ajamin Hausa. Da Turawa suka mayar da Tamale hedikwatar yankin Arewa a 1907, sai harka ta juyo nan, Salaga ta koma ƙaramin gari mai babban suna. Gidaje da yawa a zangunan Ghana, in aka bi salsalarsu, sai an ratsa ta Salaga. Wani kakansa madugu ne, wani malami, wani dillali, wata kuwa kakarta a igiya aka kawo ta.

Wata 'yar ƙasar nan ta riga ta ɗauki alƙalami a kan wannan. Ayesha Harruna Attah, wadda aka haifa a Akra a 1983, ta fitar da The Hundred Wells of Salaga a 2018, an kuma fassara shi zuwa Faransanci da sunan Les Cent Puits de Salaga, ga masu karatunmu na wancan ɓangare. Ta bayyana cewa abin da ya tunzura ta shi ne gano cewa wata kakar kakanninta baiwa ce da ta ratsa ta kasuwar Salaga, wadda dangi ba su riƙe ko sunanta ba. Littafin ya bi rayuwar mata biyu a shekarun yaƙin basasar: Aminah, 'yar ƙauye da mahara suka kama, da Wurche, 'yar sarauta da aka aurar don ƙulla ƙawancen yaƙi, wadda daga baya ta sayi Aminah. Babu fatalwa a cikinsa, kuma littafin manya ne, akwai wuraren da suka shafi zaman aure da cin amanarsa waɗanda ba su dace da ƙananan yara ba. A 2020 ta biyo shi da The Deep Blue Between, wanda ta rubuta domin matasa, labarin tagwaye Hassana da Husseina, ƙannen Aminah, da harin ya raba. Ɗaya ta ƙare a Akra, ɗaya ta bi ta Legas har Bahiya ta ƙasar Barazil, abin da ya rage tsakaninsu shi ne mafarkin da suke yi da juna. A cikinsa akwai bayanin addinan gargajiya na can, saboda haka shi ma yana son a karanta shi tare da babba.

Fatalwar da ke zuwa ranar bincike

Mun ce ƙashin bayan labarin kufai shi ne zaluncin da aka binne ya taso wa jikoki. A gidajenmu lokacin tasowarsa sananne ne, wato lokacin neman aure. Yaro da yarinya sun daidaita, an yaba da addininsa da sana'arsa, an tura a yi binciken asali, sai wata tsohuwa ta matso ta yi raɗa a kunne, shi ke nan magana ta mutu, ba a gaya wa yaran dalili ba. Wani lokaci raɗar nan ba ta wuce cewa kakar kakansa sayo ta aka yi. Matar da aka raba da iyayenta da ƙarfin bindiga, aka wanke ta a bakin rijiya aka yi mata kuɗi, ita ce aka zalunta, amma jikokinta ne ke biyan diyya bayan shekara 130, jikokin wanda ya kama ta kuwa ana kiransu masu asali. Addinin da ya ɗaukaka Bilal, Allah Ya yarda da shi, ya kuma sanya tsoron Allah ya zama ma'aunin daraja, bai bar mana hujjar wannan ba.

Shiru bai taɓa warkar da irin wannan miki ba. Yaranmu suna son labarin asirin da aka ɓoye ne domin suna jin ƙamshinsa a gida, suna lura da tambayoyin da in sun yi sai a sauya magana. Gara su ji tarihin daga bakinmu, da adalci da tausayi ga kowane ɓangare, da su tsince shi a bakin mai gori.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Iyalin da ke da hali su ware rana guda cikin hutun makaranta su kai yara Salaga, su ga rijiyoyin da idonsu, su yi wa waɗanda suka mutu a wurin addu'a. A zauna da tsofaffin da suka rage a gida a tambaye su hanyar da kakanni suka biyo, a rubuta, tun kafin ƙasa ta rufe ido. Malaman makarantunmu kuma su nemo Shaihu Umar da Ganɗoki da Jiki Magayi su sa a hannun ɗalibai, domin yaro ya san harshensa ma yana da irin wannan taska.

Ita kuwa yarinyar da ke raba dare da littafi mai baƙin bango, a sa mata lokacin kwanciya, a kuma saya mata littafin rubutu da biro. A ce mata: ga gidan wani madugu a Salaga a shekarar 1892, an tashi an bar shi da rijiya a tsakar gida, ga wata jika da ta dawo bayan shekaru da tsohuwar takardar ajami da ba ta iya karantawa ba, ga wani ɗalibin malami da zai karanta mata, wanda kunya ta hana shi ɗaga ido ya dube ta. Me takardar ta ƙunsa? Ta rubuta mana da Hausa. Wanda ya fi kowa sanin daɗin irin wannan labari shi ya fi cancanta ya ba mu namu, kuma wannan fili a shirye yake ya karɓi abin da 'ya'yanmu suka rubuta.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya, waɗanda muka san sunayensu da waɗanda sunayensu suka ɓace.